Kowa malam, kowa ɗalibi: darasi daga majami'a zuwa kasuwar Filinge

 Yau gidan maƙwabta za mu leƙa mu ɗauko wata dabara. A majami'un kiristocin ƙasar nan, daga Yamai zuwa Dogon Dutsi, Maraɗi da Damagaram, akwai wani zama da manya suke yi bayan an tashi addu'a ko a tsakiyar mako. Ana ɗaukar batu guda, kamar tarbiyyar yara, bashi ko ajiyar hatsi, mutum ɗaya ya buɗe magana a taƙaice, sannan kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. A wajen mata, ƙungiyar Zumuntar Mata ce ta fi shahara da irin wannan haɗuwa. Majami'ar Katolika kuma ta kafa shirin yaƙi da jahilci mai suna Waye Kai, wanda musulmi ma suka amfana da shi.

Wani zai ce, mu a ƙasar Kurfai kusan dukanmu musulmi ne, ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne amfanin da ke ciki. Babba ya fi ɗaukar magana daga bakin ɗan uwansa da ya taɓa abin da hannunsa, kuma ƙasarmu tana da shaida a kan haka.

A shekarar 1983, wani ɗan mishan na ƙungiyar SIM mai suna Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya da ke aiki a jahar Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara suna fitowa ne daga kututturan itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In an bar rassa kaɗan masu ƙarfi aka datse sauran, itace zai tashi ba tare da dashe ba. Da farko dariya aka yi masa. A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare itatuwan. To me ya ceci dabarar? Manoman da suka bar nasu ne suka samu itacen girki, abincin dabbobi da kariya daga iska, suka riƙa faɗa wa 'yan uwansu a gona, a dandali da ranar kasuwa. Haka sassabin zamani ya bazu daga baki zuwa baki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ya farfaɗo da hekta kusan miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar. A 2018 Rinaudo ya samu lambar yabo ta duniya a ƙasar Suwidin, amma malaman gaskiya su ne manoman.

Mata ma suna da tasu shaidar. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi. Mata su haɗu kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yanke cikin asusu, a ba mai bukata rance, a raba in zagaye ya cika. Kuɗin ne ke tara su, amma a nan wata ke jin inda gyaɗa ta yi araha, wata ta koyi lissafin riba. Yau ƙasashe da dama sun kwafi wannan tsari. Mu ma'aikatan rediyo kuma ba mu manta da kulob-kulob na masu saurare da aka kafa a 1962 ba, inda jama'a ke sauraren shiri tare, su yi muhawara, a naɗi muryarsu a mayar gidan rediyo.

Yanzu mu dawo gida. Ranar Lahadi kasuwar Filinge ke ci, Bahaushe, Bazabarme, Buzu da Bafillace kowa da hajarsa. Ilimin da ke shiga kasuwar nan ran nan ya fi na littafi guda. Akwai mai gane saniyar Azawak ta ƙwarai da kallo ɗaya, irin wadda ake kiwo a Tukunus. Akwai wadda ta san yadda ake shanya cuku ya kai Yamai bai lalace ba. Akwai wanda ya iya ajiye wake har bazara ƙwaro bai taɓa shi ba. Amma da la'asar kowa sai ya naɗe saninsa tare da tabarmarsa ya tafi.

Asarar kuwa a fili take. Mace ta ba da bashin tiya goma ba ta rubuta ba, ranar biya a ce bakwai ne. Manomi ya sayar da wakensa da kaka a arha don tsoron ƙwari, ya dawo ya saye shi da tsada. Ga rashin tsaro da ya addabi arewacin Tilaberi, wanda ya sa labarin hanya ya zama jari: sanin ranar da za a bi da wadda za a haƙura yana iya ceton kaya, har ma da rai.

Mun san abin da ke hana mu: sirrin kasuwa. Gaskiya ne, ba wanda zai ce ki faɗi sunan mai ba ki kaya. Amma yadda ake rubuta bashi, gane jabun kuɗi, tura kuɗi ta wayar salula ba a cuce ka ba, waɗannan in kowa ya iya su, kasuwar ce baki ɗaya ta ƙaru.

Abin ba ya bukatar gini ko ɗan agaji daga waje. Mutum 10 zuwa 15 sun isa, a zaure, a harabar masallaci ko ƙarƙashin gawo. A sa rana guda a mako, awa guda, batu guda. A naɗa mai raba magana don kada mai kuɗi ko mai baki ya cinye zaman. A samu ɗan lakkol guda ya rubuta abin da aka tsayar. Kuma abin da mutum ya faɗa na asararsa ya tsaya a wurin, kada ya zama abin gori.

Sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin mata, wuƙa da nama suna hannunku. Gemu ba ya hana ilimi, furfura ma haka. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.