BlackBerry Curve 8520: Wayar Da Ta Yi Tashe A Minna

A shekarar 2009 ne kamfanin Research In Motion na ƙasar Kanada ya fito da wayar BlackBerry Curve 8520. Ba da jimawa ba ta zama abin ƙawa a hannun ma'aikatan gwamnati da ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna.

Wayar tana da cikakkun madannai, watau kowane harafi da nasa maɓallin, da kyamara mai megafiksel 2, da ma'adana mai megabait 256. Tana kama Wi-Fi, amma ba ta kama 3G. Abin da ya ɗaukaka ta kuwa shi ne BBM, hanyar aika saƙo da lambar PIN, wadda tilas sai ta bi ta na'urorin kamfanin.

Wannan dogaro shi ya zama ajalinta. Ran 4 ga Janairu, 2022, kamfanin ya rufe na'urorin, BBM da imel ɗinta suka tsaya cak.

Saboda haka duk wanda ya nufi shagunan Obasanjo Complex don sayen tsohuwar waya, sai ya fara binciken ko kamfaninta yana kula da manhajarta har yanzu, domin ba a cinikin biri a sama.