Zaɓi Dubu, Hanya Ɗaya: Yadda Ake Gina Jarumi a Wasannin Intanet

Wasan Path of Exile, wanda kamfanin Grinding Gear Games na ƙasar Niyu Zilan ya fitar a 2013, yana shimfiɗa wa mai wasa taswira mai ɗauke da basirori sama da 1,300. Makin da zai samu ya sayi waɗannan basirori kuwa bai wuce ɗari da 'yan kai ba. Dole ya zaɓi kaɗan ya bar saura, kuma abin da ya zaɓa shi ne zai zama jaruminsa: mai takobi, ko maharbi, ko mai tsafi da ke tura dodanni su yi faɗa a madadinsa. Wannan shi ake kira ginin jarumi, kuma shekara hamsin ke nan masu ƙera wasanni suna kai-komo a kansa.

Tushen abin ba a kwamfuta yake ba. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi da takarda da fensir a kan tebur, kowa ya shiga rigar wani jarumi mai aji da mataki. A 1978 Roy Trubshaw ya fara rubuta wasan kwamfuta mai suna MUD a Jami'ar Essex da ke Ingila, Richard Bartle ya ɗora a kai, aka samu duniyar da mutane da yawa ke shiga lokaci guda.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kamar yadda sana'a ta rabu a ƙasar Hausa tsakanin gado da haye. A tsarin gado, wanda EverQuest ya kafu a kai a 1999, tun ranar farko za ka zaɓi ajinka ka zauna a ciki: ɗaya ya tare bugu, ɗaya ya yi magani, ɗaya ya kai sara. A tsarin haye kuwa, irin na Ultima Online na 1997, babu aji, abin da hannunka ya saba shi ne sana'arka. A farkon wasan, kowace basira tana ƙaruwa da yawan amfani har ta kai maki 100, amma jimillar makin jarumi ba ta wuce 700. Bakwai kaɗai za ka iya ƙurewa, in kana son ta takwas sai wata ta ragu. Albion Online, na wani kamfanin Balin, ya ƙara sassauta abin a 2017: kayan da ka sa su ne ajinka, ka ajiye sanda ka ɗauki baka ka zama maharbi nan take.

Matsalar da ta fi ci wa masu ƙira tuwo a ƙwarya ita ce, yawan zaɓi ba shi ne yawan hanyoyi ba. Tarihin World of Warcraft ya isa misali. Da ya fito a 2004, kowane aji yana da bishiyar basira uku, kuma jarumi yana tara maki 51 kafin ya kai mataki na 60. A lissafi, hanyoyin raba waɗannan maki ba su ƙirguwa. A aikace, masu ƙwaƙwalwar lissafi suka auna komai, suka fitar da rabon da ya fi ƙarfi, kowa ya kwafa. Wanda ya zo da nasa salon sai a ƙi ɗaukarsa cikin ayari. A 2012 kamfanin Blizzard, mai wasan, ya sare bishiyoyin, ya ce a riƙa zaɓar ɗaya cikin uku bayan kowane mataki 15. Jama'a suka yi ta ƙorafin cewa wasan ya zama lami, har a 2022 aka dawo da bishiyoyin da sabon fasali.

Darasin da aka koya shi ne, zaɓi ba ya da armashi sai yana da tsada, kuma sai abokan gaba sun bambanta. In dodo ɗaya yana tsoron wuta, wani kuma sai da dafi, babu gini ɗaya da zai ci ko'ina. Shi ya sa Guild Wars na 2005 ya tanadi ɗaruruwan basirori amma ya ce takwas kawai za ka fita da su fagen fama. Shi ya sa kuma kamfanoni ke yawan gyara lissafi, su rage wa basirar da ta yi kane-kane ƙarfi, su ɗaga wadda aka yi watsi da ita.

Ga matashin da ke Dindir, ko Mai Wurno, ko wani ƙauyen Hausawa na Jazira da bakin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, akwai wasu masu yanke hukunci da ba sa cikin taswirar basira: waya, caji da layi. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan daga 1997 zuwa 2017 ya daɗe yana toshe hanyar biyan kuɗi ga kamfanonin waje. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara dagula lamura. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a faɗin ƙasar, kuma a shekarar ce faɗa ya isa Dindir kanta. Ko a lokacin lafiya, manyan kwamfutocin da ke ɗauke da irin waɗannan wasanni galibi suna Turai ko Amurka ko Asiya, don haka kowane motsi sai ya yi doguwar tafiya kafin ya dawo. Ginin da ke buƙatar kaucewa cikin ƙiftawar ido ba zai yi wa mai layin da ke jan ƙafa rana ba. Wanda ya fi dacewa da shi shi ne jarumi mai jure bugu, ko mai dodannin da ke faɗa da kansu, ko mai sana'ar haƙar ma'adini da ƙira da fatauci, irin waɗanda RuneScape da Albion suka ba muhimmanci, kuma duka biyun suna kan waya.

Sai maganar aljihu. Free Fire na kamfanin Garena, wanda ya karɓu a wayoyi masu sauƙin kuɗi tun 2017, wasan harbi ne, amma ya ari tsarin haɗa basirori huɗu a jikin jarumi ɗaya. Genshin Impact na 2020 kuwa yana raba manyan jarumansa ta hanyar ƙuri'a, inda damar samun mai tauraro biyar a ja ɗaya take kashi 0.6 cikin 100. Irin wannan ƙuri'ar sayen akwati ce ƙasar Beljiyam ta ɗauka a matsayin caca a 2018. Inda basira ta koma abin saye, bambancin jarumai ya zama bambancin masu hali da marasa hali.

Don haka kafin mutum ya zuba data da lokacinsa a wani wasa, yawan basirorin da aka tallata ba shi ne abin dubawa ba. Ya duba waɗanda ke kan gaba, shin gininsu iri-iri ne ko duk kwafin juna ne. Ya duba ko zai iya sake rabon makinsa ba tare da ya biya kuɗi ba. Ya kuma duba ko wasan ya bar wa mai raunin layi wata hanyar yin fice. Wasan da ya cika waɗannan uku shi ne ya ba da zaɓi na gaskiya.