An Kayar Da Su, An Kuma Raka Su Da Tafi: Darasin Rangadin Kurket Na 1960

Shekarar 1960 ba baƙuwa ba ce ga mutumin Nijar ko na Najeriya. Ranar 3 ga Agusta Nijar ta karɓi mulkin kanta daga hannun Faransa, ranar 1 ga Oktoba kuma Najeriya ta karɓi nata daga Ingila. Tambayar da ke yawo a duniya a wancan zamani, wasu na furta ta wasu na barin ta a ciki, ita ce ko baƙar fata zai iya jan ragamar jama'arsa ba tare da Bature na tsaye a kansa ba. A watan Disamba na shekarar, wasu 'yan wasa daga tsibiran Karebiyan, yawancinsu jikokin waɗanda aka kwasa daga Afirka zamanin cinikin bayi, suka ba da tasu amsar a wani filin wasa na ƙasar Ostiraliya. Wasan shi ne kurket, wanda da wuya a sami wanda ya taɓa ganin an buga shi a Tamaske ko Keita ko Buza. Duk da haka labarin ya cancanci a ji shi a ƙasar Adar, domin yana tabbatar da abu guda da ya shafi kowace al'umma: idan aka ba mai cancanta jagoranci a bainar jama'a, inda ba a iya ɓoye sakamako, hujjar masu raina shi takan rushe, ko da bai ɗauki kofi ba.

Sai an san yadda wasan yake kafin a gane nauyin abin da ya faru. Kowane ɓangare yana da mutum 11. A tsakiyar fili ana kafa sanduna uku a nan, uku a can, da tazarar kusan mita 20 a tsakani. Mai jifa yana auna sandunan da ƙwallo mai tauri, mai duka kuma yana kare su da faffaɗan katako. Idan ya doki ƙwallon, shi da abokinsa sai su sheƙa su yi musanyar wuri, kowace tsallakawa maki ɗaya. Ana fitar da mai duka idan ƙwallon ya kaɗe sandunansa, ko aka cafe shi tun bai taɓa ƙasa ba, ko aka jefi sandunan kafin mai gudu ya iso. In an fitar da mutum goma, sai masu jifa su koma duka. Mafi darajar karo shi ne wanda ake kira Tes, tsakanin ƙasa da ƙasa, inda kowane ɓangare ke yin duka sau biyu, a kwashe kwana biyar ana fafatawa. An fara shi a 1877 a Melbourne tsakanin Ostiraliya da Ingila, kuma har yau ƙasashe 12 kawai ke da wannan matsayi, biyu daga Afirka: Afirka ta Kudu da Zimbabwe. A irin wannan dogon karo, kyaftin kamar madugu yake a ayari. Shi ke zaɓen wanda zai yi jifa, shi ke nuna wa kowa inda zai tsaya, shi ke yanke lokacin kai farmaki da lokacin haƙuri, babu mai horarwa da zai shigo fili ya yi masa tunani.

Nan gizo yake saƙa. Ƙungiyar West Indies, wadda ta haɗa 'yan wasan Barbados da Jamaika da Tirinidad da Giyana, ta fara buga Tes tun 1928. Gwanayenta akasari baƙaƙe ne, amma fiye da shekara 30 kyaftin sai fari ko mai hasken fata daga gidajen masu hali. George Headley, wanda babu kamarsa a duka cikin 'yan wasanta a zamaninsa, sau ɗaya tak aka ba shi jagoranci, a karo guda na 1948. Dalilin da ake bayarwa shi ne wai baƙin ɗan wasa yana da ƙarfi da basira, amma ba shi da natsuwar shugabanci, kuma 'yan'uwansa ba za su yi masa biyayya ba. Frank Worrell, haifaffen Barbados a 1924, ya ga an tsallake shi a 1955 an ba Denis Atkinson, wanda bai kai shi gogewa ba. Gaskiya ne daga baya an yi masa tayi ya ƙi, saboda yana karatu a Jami'ar Manchester, amma da ya dawo fili a farkon 1960 sai aka sa shi ƙarƙashin Gerry Alexander. A lokacin ne marubuci C.L.R. James ya ɗaura ɗamara a jaridar The Nation ta Tirinidad, yana ta rubutu cewa lallai Worrell ne zai ja ƙungiyar zuwa Ostiraliya. Hukumar wasan ta sauko, Worrell ya zama baƙar fata na farko da ya jagoranci ƙungiyar a cikakken jerin karo, yana da shekara 36.

Karon farko an yi shi a Brisbane daga 9 zuwa 14 ga Disamba. Baƙin suka fara duka suka tara maki 453, Garfield Sobers shi kaɗai ya kawo 132. Masu gida suka mayar da 505. Baƙin suka ƙara 284, ya zamana Ostiraliya na neman 233 a ranar ƙarshe. Wes Hall, mai jifa kamar aradu, ya rikita su har aka fitar da mutum shida suna da 92 kacal. Kyaftin ɗinsu Richie Benaud yana iya lafewa ya ci lokaci a tashi babu wanda ya ci, amma shi da Alan Davidson suka zaɓi neman nasara, suka haɗa maki 134 tare. Aka zo zagayen jifa na ƙarshe, jifa takwas, Ostiraliya na neman maki shida da sauran mutum uku da za a fitar. Aka cafe Benaud. Hall ya saki wani ƙwallo mai sauƙi da ya kamata a cafe. Conrad Hunte ya wurgo ƙwallo daga bakin fili aka fitar da Wally Grout, maki ya zo daidai. A jifa na bakwai Joe Solomon, wanda daga inda yake sanda ɗaya kawai yake gani, ya jefa ya same ta kafin Ian Meckiff ya iso. Kowane ɓangare 737. Tun 1877 ba a taɓa yin kunnen doki irin wannan ba, kuma bayansa sau ɗaya aka sake, a Madras a 1986. Abin da waɗanda suka buga wasan suka riƙa ambata shi ne yadda Worrell ya yi ta zagayawa yana kwantar wa yaransa hankali a daidai lokacin da kowa ke shirin rikicewa, wato natsuwar da aka ce irinsa ba shi da ita.

Sauran karon huɗu ba su rage zafi ba. Ostiraliya ta ci na biyu a Melbourne, baƙin suka rama a Sydney da ratar maki 222. A Adelaide, Rohan Kanhai ya haura maki ɗari sau biyu, Lance Gibbs ya fitar da mutum uku a jifa uku a jere, amma mutum biyun ƙarshe na Ostiraliya, Ken Mackay da Lindsay Kline, suka turje fiye da awa ɗaya da rabi har lokaci ya cika. A karo na biyar, mutum 90,800 suka cika filin Melbourne a rana guda, adadin da ba a taɓa gani ba a wasan kurket, masu gida kuma suka sha da kyar. Aka tashi Ostiraliya na da biyu, baƙi na da ɗaya. Kafin su tafi, aka ɗora waɗanda aka kayar a buɗaɗɗun motoci aka ratsa da su tsakiyar Melbourne, jama'a dubu ɗaruruwa na tafi. Kofin da ƙungiyoyin biyu ke takara a kansa har gobe, sunan Frank Worrell aka sa masa.

Me ya sa wannan ya zama hujja, ba labarin nishaɗi kawai ba? Domin zargi biyu aka yi, kuma duka biyun an gwada su a gaban shaidu. An ce ba za a yi wa baƙin kyaftin biyayya ba. Sai ga Alexander, wanda aka sauke domin a naɗa Worrell, ya bi shi a matsayin mataimaki ya kuma buga wasan da bai taɓa buga irinsa ba, ya tara maki 484 a karo biyar. An ce ba zai iya haɗa kan mutane ba. Sai ga ƙungiyar da aka sani da ɓangarancin tsibiri, ɗan Barbados na ware da ɗan'uwansa, ɗan Jamaika da nasa, ta zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya, da jikokin Afirka irin su Hall da Sobers, da jikokin Indiya irin su Kanhai da Solomon. A ofis ana iya danne mai ƙwazo a rubuta cewa bai iya ba, babu mai gani. A fili kuwa maki a allo yake, gani ya kori ji.

Mai karatu na iya cewa kurket wasan 'yan mulkin mallaka ne, me ya haɗa mu da shi? Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ingila ce ta baza shi a ƙasashen da ta mallaka, shi ya sa ya shiga Kwalejin Katsina, inda Sardauna Ahmadu Bello da tsararrakinsa suka yi karatu, bai kuma tsallako Nijar ba, tunda Faransa ba ta buga shi. Ko a Najeriya bai zama wasan talaka ba, duk da cewa 'yan matan ƙasar 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand a gasar duniya a Malesiya cikin Janairun 2025. Amma asalin wasan shi ne ya ba labarin ƙarfi. Masu mulki sun riƙe kurket a matsayin makarantar dattako da shugabanci, abin da suka ce nasu ne su kaɗai. Da waɗanda aka mulka suka zo suka nuna dattakon a ƙarƙashin nasu jagoran, da dokokin da ba su suka rubuta ba, a gaban alƙalan da ba nasu ba, sai ya zamana babu kafar cewa an yi musu alfarma. Ba sai mun koyi riƙe katakon duka ba kafin mu ɗauki wannan.

Akwai suka mafi nauyi: tafi ba ya canza doka. Ostiraliyar da ta raka Worrell da shewa tana nan da dokarta ta 1901 mai hana waɗanda ba farare ba zuwa su zauna, ba a kuma gama kawar da ita ba sai 1973. Tarayyar siyasar da tsibiran suka kafa a 1958 ta wargaje a 1962, Jamaika da Tirinidad kowa ya karɓi 'yancinsa shi kaɗai. Wanda ya ce wasa ya 'yantar da mutane ya wuce gona da iri. Amma a duba abin da ya rage bayan tafin. Ba a sake komawa tsohuwar al'adar naɗa kyaftin don launin fatarsa ba: Worrell ya kai ƙungiyar Ingila a 1963 ya ci uku da ɗaya, ya miƙa wa Sobers, daga baya Clive Lloyd da Viv Richards suka mamaye duniyar kurket shekara da shekaru. Tarayyar 'yan siyasa ta mutu, ƙungiyar 'yan wasa kuwa har yau guda ce. Wasa bai rushe dokar wariya ba, amma ya ƙwace mata ɗaya daga cikin hujjojinta, kuma dokar da ta rasa hujja ba ta da sauran kwana mai yawa. Game da kayen da aka sha kuwa, ai ba wanda ya yi alkawarin cewa mai cancanta ba ya faɗuwa. Abin da aka yi musu a kai shi ne ko zai iya jagoranci, kuma wannan an gama shi tun a Brisbane. Da Worrell ya rasu a 1967 yana da shekara 42, an yi masa taron juyayi a majami'ar Westminster ta Landan, girmamawar da ba a taɓa yi wa ɗan wasa ba kafinsa.

Mu ma muna da fagen da ba a iya ɓoye sakamako a cikinsa. Kokawar gargajiya ta ƙasa a Tawa aka fara ta a 1975, zamanin Seyni Kountché, da niyyar haɗa kan 'yan Nijar, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Yanzu jihohi takwas ke turo 'yan kokawa goma-goma, kuma hanyar zuwa can tana farawa ne daga dandalin ƙauye bayan kaka, a wurare irin su Tamaske da Madawa da Buza. Abin da ya ɗaukaka kokawa a idon talaka shi ne cewa a cikin da'ira babu ɗan wane, wanda ya taɓa ƙasa ya faɗi. Hatsarin yana wajen da'irar ne, wurin zaɓen wanda zai wakilci gari, da wanda zai ja tawaga, da wanda zai yi alƙalanci. Tsibiran Karebiyan sun yi asarar shekara 30 suna da gwanaye a fili, amma jagoranci na hannun wanda aka zaɓa don gidansu. Duk kwamitin da ke tsara 'yan kokawar gunduma, da duk ƙungiyar manoman albasa ko ta 'yan kasuwa da ke zaɓen shugaba, suna fuskantar wannan jarrabawa. Ma'aunin kuma ba mai wuya ba ne: a sa aiki a inda kowa zai gani, a ba wanda aikinsa ya nuna shi, sannan wanda aka sauke ya yi irin ta Alexander, ya tsaya a bayan sabon jagora da dukan ƙarfinsa.