Ko Kun Sani? Kallon Bidiyo Na Iya Sa Mutum Jiri Yana Zaune

Mutum na iya zama daram a kan tabarma, bai motsa ko yatsa ba, amma bidiyon da yake kallo a waya ya sa shi jiri, da tashin zuciya, har da zufa mai sanyi. Dalilin yana cikin kunne. Can ciki akwai wasu ƙananan bututu 3 masu lanƙwasa, cike da ruwa, su ke shaida wa ƙwaƙwalwa ko kai yana juyawa. To, idan hoto yana rawa ko yana gudu, ido sai ya ce ana tafiya, kunne kuma ya ce ana zaune. Wannan saɓani ne ke kawo hajijiya.

Manoman rani na Kura da Bunkure sun san irinsa tun kafin zuwan waya: ka tsaya kan gada, ka ƙura wa ruwan madatsar Tiga ido yana gudu a magudana, can sai ka ji kamar kai ne ke tafiya. Jirin waya kuwa ba wasa ba ne, domin a 2013 masu iPhone sun koka cewa motsin hotunan sabuwar manhajar iOS 7 na sa su jiri, har kamfanin Apple ya faɗaɗa hanyar rage motsin. Masu ciwon ɓarin kai sun fi saurin kamuwa.

Da ka ji alamar jirin, ajiye wayar, ka kafe ido kan abin da ba ya motsi. In kuwa jirin ya ƙi tafiya bayan ka huta, je asibiti a duba ka.