Daga Aji Zuwa Bakin Aiki: Yadda Ɗaliban Kwalejojin Haziƙai na Amurka Ke Shirin Rayuwa Bayan Digiri

Gabatarwa

Duk shekara idan lokacin yaye ɗalibai ya ƙarato, akwai tambayar da 'yan ajin ƙarshe sukan biyo mu da ita har ofis, wato: "Malam, yanzu da wannan digiri na kimiyyar halittu, wane aiki zan yi?" Tambaya ce mai kyau, illa dai takan zo a makare. Wanda ya bari sai ya karɓi takardar shaida sa'an nan ya fara tunanin inda zai kai ta, daidai yake da manomin da ya tashi neman iri bayan ruwan shuka ya sauka ya wuce.

A wannan maƙala za mu duba wani tsari da ake bi a jami'o'in Amurka, inda ake sa ɗalibi ya fara amsa wannan tambaya tun yana ajin farko. Su can suna kiran wurin Honors College, mu kuwa za mu kira shi Kwalejin Haziƙai. Za mu fi ba da ƙarfi ga ɗalibin kimiyyar halittu, daga ƙarshe kuma mu ga abin da za mu iya tsinta a ciki.

Mece ce Kwalejin Haziƙai?

Manyan jami'o'in gwamnati na Amurka sukan tara ɗalibai dubu talatin, ko arba'in, ko fiye. A ajin farko ɗaruruwa ne suke zama a zaure guda suna sauraren malami ɗaya, shi bai san sunansu ba, su kuma ba su da damar yi masa tambaya. Kwalejin Haziƙai wani ƙaramin sashe ne a cikin irin wannan babbar jami'a. Ɗalibinta yana karanta fanninsa tare da kowa, amma akwai wasu darussa da yake ɗauka a ƙananan azuzuwa na mutum ashirin ko abin da ya yi kusa da haka. Yana da malami mai ba shi shawara, kuma galibi ba zai fita da lambar kwalejin ba sai ya gabatar da kundin bincike na kansa. Akwai kuma sharaɗin maki. Alal misali, a Kwalejin Schreyer ta Jami'ar Jihar Pensilbaniya, tilas ɗalibi ya riƙe matsakaicin maki 3.40 daga cikin 4.00.

Asalin tsarin daga Ingila yake. Wani malami Ba'amurke mai suna Frank Aydelotte ya yi karatu a Jami'ar Oksfod, ya ga yadda malami ke zama da ɗalibi ɗaya ko biyu suna tattauna abin da suka rubuta. Da ya zama shugaban Kwalejin Swarthmore, sai ya kafa irin wannan tsari a shekarar 1922. Ɗalibai suna shafe shekara biyun ƙarshe suna nazari a ƙananan rukunoni, sa'an nan a gayyato malamai daga wasu jami'o'i su yi musu jarrabawa, a rubuce da kuma baki da baki. Abin ya ƙara bunƙasa bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko, wato Sputnik, a watan Oktoba na 1957, domin Amurka ta tsorata cewa an bar ta a baya a fagen kimiyya. A shekarar 1966 aka kafa majalisar da ke haɗa kan masu irin waɗannan shirye-shirye a duk faɗin ƙasar.

Mataki na farko: baki da alƙalami

Mai karatu zai yi tsammanin ɗalibin kimiyya da madubin ƙara girman abu zai fara. A Kwalejin Barrett ta Jami'ar Jihar Arizona, wadda aka kafa a 1988, kowane sabon ɗalibi, ko da likita yake son zama, sai ya yi zango biyu yana karanta manyan littattafan falsafa da tarihi da adabi, yana muhawara a kansu, yana rubuta sharhi ana gyara masa. Dalilin haka a fili yake. Masanin kimiyya yana shafe babban kaso na lokacinsa ne wajen rubuta rahoto, da neman kuɗin bincike, da bayyana wa mutane abin da ya gano. Likitan da bai iya yi wa majinyaci bayani ba, da malamin gona da bai iya shawo kan manomi ba, duk ilminsu a cikinsu yake tsayawa.

Mataki na biyu: ɗakin gwaje-gwaje

Nan ne zuciyar al'amarin. Ana ƙarfafa wa ɗalibi guiwa ya nemi wani malami mai bincike tun a aji ɗaya ko na biyu, ya roƙi a ba shi gurbi a ɗakin gwaje-gwajensa. Aikin farko ba mai daɗi ba ne: wanke kwalabe, da auna sinadarai, da ciyar da dabbobin gwaji, da rubuta lamba a jikin kowane mazubi. Amma a nan hannu yake faɗawa, a nan kuma ɗalibi yake gane ko zai iya wannan rayuwa.

Tarihin kimiyyar gado ya ba mu kyakkyawan misali, tun kafin a kafa waɗannan kwalejoji. A shekarar 1910 Farfesa Thomas Hunt Morgan na Jami'ar Kolombiya a birnin Nuyok ya ɗauki ɗalibai biyu masu neman digiri na farko zuwa ɗan ɗakin da yake kiwon ƙudan 'ya'yan itace, wato ƙananan ƙudajen nan da ke taruwa a kan ruɓaɓɓiyar ayaba. Ɗayansu, Calvin Bridges, wankin kwalabe aka ɗauke shi. Ɗayan kuwa, Alfred Sturtevant, abin da ya jawo hankalin Morgan gare shi shi ne wani ɗan nazari da ya yi a kan yadda dawaki ke gadon launin gashi, wanda ya faro daga dawakin gonar mahaifinsa.

Ga abin da Sturtevant ya gano. Siffofin da ɗa ke gada suna ɗauke ne a cikin ƙwayoyin gado, waɗanda suke jere a kan wasu zaruruwa da ake kira kuromosom, kamar yadda 'ya'yan carbi ke jere a kan zare. Lokacin da macen ƙuda ke yin ƙwai, zaren da ta gada daga uwa da wanda ta gada daga uba sukan sarƙe, su yi musayar gutsattsari. Ƙwayoyin gado biyu da ke kusa da juna ba safai wannan musaya ke raba su ba, waɗanda ke nesa kuwa sukan rabu a kai a kai. Saboda haka, idan aka ƙirga yawan 'ya'yan da suka fito da sabon haɗin siffofi, za a iya sanin tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin. Wata rana a ƙarshen 1911 Sturtevant ya kwashi alƙaluman ɗakin ya tafi da su gida, ya ajiye aikin ajinsa, ya kwana yana lissafi. Kafin gari ya waye ya zana taswirar ƙwayoyin gado ta farko a duniya, yana da shekara kusan ashirin. An buga aikin a 1913. Da Morgan ya sami kyautar Nobel a 1933, ya raba kuɗin tsakanin 'ya'yansa da na Sturtevant da na Bridges.

Ba kowane ɗalibi ne zai yi irin wannan dace ba. Abin lura dai shi ne, da Sturtevant bai kasance a cikin ɗakin ba, da bai ga alƙaluman ba balle ya yi tunani a kansu. Abin da Kwalejin Haziƙai take yi shi ne ta mayar da wannan dama tsayayyen tsari.

Mataki na uku: kundin bincike

A shekarar ƙarshe ɗalibi yakan ɗauki tambaya ɗaya ƙarama wadda ba a san amsarta ba, ya bi ta na tsawon zango biyu, ya rubuta kundi, sa'an nan ya tsaya gaban malamai ya kare shi. A nan yake koyon abubuwan da lacca ba ta koyarwa: yadda ake tsara gwaji tare da rukunin da za a kwatanta da shi, yadda ake rubuta komai a littafin aiki da kwanan wata, da yadda ake haƙuri idan tsiron da aka yi wata biyu ana reno ya mutu a dare ɗaya. Yana kuma koyon faɗin gaskiya idan sakamako bai zo yadda ake fata ba. Wasu kundayen sukan kai ga bugawa a mujallun ilmi da sunan ɗalibin a jerin marubuta.

Mataki na huɗu: dogon hutu

Daga watan Yuni zuwa Agusta jami'o'in Amurka suna dogon hutu, kuma ɗalibin da ya san abin da yake yi ba ya zama a gida. Wani yakan je kamfanin haɗa magunguna, wani gandun daji, wani hukumar kula da tsabtar ruwa, don sanin makamar aiki. Tun daga 1987 Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasar Amurka ta fito da wani shiri na biyan ɗalibai 'yan ƙasa alawus don su yi kamar mako goma suna bincike a wata jami'a dabam da tasu. Amfanin wannan fita biyu ne. Na farko, gani ya kori ji: mai mafarkin aikin asibiti yakan gane tun da wuri ko zai iya jure ganin jini. Na biyu, mutanen da za su ɗauki ma'aikata gobe sun riga sun ga aikinsa.

Hanyoyi bayan digiri

Galibi hanya uku ce a gaban ɗalibin kimiyyar halittu. Ta farko, aikin likita. A Amurka ba a shiga makarantar likitanci daga sakandare kai tsaye. Sai an gama digiri na farko, an ci wata jarrabawa ta musamman, sa'an nan a yi wata shekara huɗu. Masu tantancewa sukan duba ko ɗalibi ya taɓa aikin sa kai a asibiti. Ta biyu, digirin digirgir, wanda yakan ɗauki shekara biyar zuwa shida, kuma a fannin kimiyya akasari jami'a ce ke ɗauke kuɗin makaranta, ta kuma biya alawus. Daga wajen 2018 sassan kimiyyar halittu da yawa sun daina neman sakamakon jarrabawar shiga ta bai ɗaya, sun koma dogaro da binciken da ɗalibi ya taɓa yi da kuma shaidar malamansa. Ta uku ita ce shiga aiki kai tsaye, a kamfani ko hukuma ko koyarwa.

Duk hanyar da aka bi, ana bukatar wasiƙun shaida, yawanci guda uku. Malamin da ya ga ɗalibi daga nesa a zauren lacca, iyakarsa ya ce ya ci jarrabawa. Wanda ya yi shekara biyu yana aiki da shi kuwa zai iya cewa yana zuwa a kan lokaci, ba ya ɓoye kuskure, kuma ana iya bar masa mabuɗi.

Inda ake kuka da tsarin

Tsarin bai rasa masu suka ba. Wasu suna ganin ya raba jami'a gida biyu, 'yan gata da 'yan bora, tun da waɗanda suka fito daga makarantun masu hali sun fi samun shiga. Wasu kwalejojin ma suna karɓar ƙarin kuɗi. Har ila yau, da yawa daga masu shiga ba sa kai wa ga kammala kundin. Daɗin daɗawa, mai ɗaukar ma'aikata bai cika damuwa da sunan kwalejin ba. Abin da yake tambaya shi ne me ɗalibi ya taɓa yi da hannunsa. Wannan yana nuna mana cewa amfanin yana cikin aikin da aka yi ne, kuma wanda ba ya cikin kwalejin ma zai iya yin sa.

Mu fa?

Jami'o'in Nijeriya sun gaji abubuwa da dama daga tushen da Aydelotte ya ɗebo nasa. Muna da kundin ajin ƙarshe, muna kuma gayyato malami daga wata jami'a ya duba aikin ɗalibanmu. Tun 1973 muke da shirin tura ɗalibai sanin makamar aiki, wanda ga 'yan kimiyya yakan kai wata shida. Muna da wuraren zuwa, kamar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom. Gaskiya ne azuzuwanmu sun cika, kayan aiki kuma sun yi ƙaranci. Amma na sha ganin ɗalibin da ya ɗauki watannin nan shida a matsayin hutu, ya dawo da littafin da aka sa wa hannu ba tare da ya taɓa ko kwalba ba, kuma idan lokacin kundi ya zo ya nemi tsohon aikin wani ya kwafe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A wurin ganawar ɗaukar aiki tambaya biyu ta isa ta tona shi.

Kammalawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka ɗalibin sakandare ba sai ya jira jami'a ba. Ya sami littafi guda ya keɓe shi don rubuta abin da ya gani da idonsa. Ya sa guntun ayaba nunanniya a kwalba, ya bari ƙudajen nan su sauka, ya rufe bakin da ƙyalle, ya riƙa dubawa kullum yana rubuta ranar da tsutsa ta fito da ranar da ta zama ƙuda. Zai tarar abin bai cika wuce mako biyu ba. Sa'an nan ya sa wata kwalbar kusa da randa inda ke da sanyi, ya kwatanta. Ya yi bincike ke nan. Malamai kuma su ba ɗalibai damar tsayawa gaban aji su bayyana abin da suka gano, 'yan'uwansu su yi musu tambayoyi. Ranar da ɗalibin ya shiga jami'a, kada zangon farko ya ƙare bai ƙwanƙwasa ƙofar wani malami mai bincike ba, ya ce: "Malam, ko da wankin kwalabe ne, a ba ni."