Shayin Buzaye, Ganyen Sin

Shayin da ake dafawa a 'yar buta bisa gawayi a majalisun Danchadi da Bodinga har zuwa Shagari, shayin Buzaye muke ce masa, kuma da gaskiyarmu, don a hannunsu muka gan shi. Sai dai Buzu bai taɓa noma ganyen ba. Juya bayan kwalin ka duba, daga ƙasar Sin ya fito. Lambobin da ke jikinsa ma ba ado ba ne. Idan ka ga 3505, wannan shi ne mai dunƙulallen ganye da Turawa suka sa wa suna Gunpowder, asalinsa yankin Pingshui a lardin Zhejiang. Idan ka ga 41022 ko 4011 ko 9371, Chunmee ke nan, mai siririn ganye a ɗan lanƙwashe, kuma shi ya fi yawo a ƙasashen Sahel.

Itace ɗaya ke ba da koren shayi da kuma baƙin da mai shayi ke haɗa mana da madara da burodi, kamar yadda gero ɗaya ke zama fura ya zama kunu. Wurin sarrafawa suka rabu. Shi baƙi, murje ganyen ake yi a bar iska ta shige shi har ya rine. Shi kuwa kore, ana tsinko shi sai a hanzarta gasa shi a babban kasko mai zafi kafin ya juya launi, sannan a naɗe a busar. Wannan gashi na farko shi ke tsare koren da ƙamshin ɗanyen ganye.

Ta Maroko ya biyo kafin ya iso mu. A ƙarni na 18 abin fada ne can, sai sarakuna da attajirai. Ana danganta yaɗuwarsa cikin talakawa da yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, lokacin da hanyar tekun Baltik ta toshe wa 'yan kasuwar Ingila, suka juye kayansu a tashoshin Maroko na Tanja da Mogador. Daga nan ayari ya ratso Sahara da shi. Farin 1973 da 1974 ya koro Buzaye da yawa kudu, suka kama aikin gadi a Sakkwato da Kano da sauran birane, kowa da butarsa a ƙofar gida, maƙwabta suka ɗanɗana suka koya. Samarin Damagaram da Maraɗi da Ƙonni kuwa, zaman fadarsu, wato majalisarsu ta hira, ba ya cika sai da shi.

To, ga abin da zai ba mai karatu mamaki. Da mutumin birnin Hangzhou na ƙasar Sin zai ga yadda muke dafa shi, da ya riƙe baki. Su ba sa tafasa ganyen a wuta ko kaɗan. Shahararren shayinsu Longjing, wanda mafi tsadarsa ake tsinkowa kafin bikin Qingming na farkon Afrilu, a kofin gilashi ake jiƙa shi: kimanin giram 3 na ganye, ruwa mililita 150 wanda zafinsa bai wuce digiri 80 ba, a jira minti 2 ko 3. Babu sukari, babu na'ana'a, babu citta. In an sha sai a ƙara ruwa a kan ganyen, har sau uku. Dalili kuwa, tafasasshen ruwa na fizgo sinadaran da ke kawo ɗaci da bauri gaba ɗaya, su danne ɗan zaƙin da ganyen ke da shi.

Mu kuwa ɗacin muke nema. Mu bar shi ya yi ta ɓararraka har ya yi kauri, mu ɗaga buta sama mu tsiyayo, mu juya daga kofi zuwa kofi sai kumfa ta tsaya, sannan mu rarrashi ɗacin da sukari. Ban ga laifin wannan ba, kuma ganyen da ake aiko mana yana jure wuta. Zaman da ake yi daga kofin farko zuwa na uku, da hirar noma da farashin albasa da ake yi a tsakani, ba abin da za a yar ba ne. Inda nake da ja shi ne sukarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato wajen ƙaramin cokali 12, in da hali ma rabin haka. Wanda ya zauna zama biyu a rana, ya sha kofi uku-uku, ga kunu ga lemon kwalba, sai ya yi lissafi da kansa.

Akwai kuma batun jini. Shayi mai ƙarfi na rage wa jiki tsotse sinadarin ƙarfe daga abinci irin su wake da zogale. Saboda haka mai juna biyu, da yaro, da wanda likita ya ce jininsa ya yi ƙasa, su bar sa'a guda tsakanin cin abinci da shan shayi. Kofin farko shi ya fi kowanne kafeyin, wanda barci ke yi wa wuya ya bar wa samari shi bayan isha'i.

Gwajin hanyar Sinawa ba ya cin ko sisi. Da ganyen da ke gidanka za ka yi. Tafasa ruwa, sauke shi ya huce na minti 5, zuba a kan ƙaramin cokali ɗaya na ganye, ka zubar da wannan ruwan farko nan take don wanke ƙura. Sake zubawa, jira minti 2, ka kurɓa ba sukari. Sannan ka adana ragowar ganyen a gwangwani mai murfi, nesa da rana da yaji da daddawa, don ganyen shayi yana ɗaukar warin duk abin da ke kusa da shi.