Aikin Agajin Gaggawa: Sana'ar da Ƙasa Ke Bukata

Sau da yawa idan hatsarin mota ya auku, masu wucewa ne suke fara kai ɗauki. Niyyarsu mai kyau ce, amma rashin sani yakan jawo ɓarna. Wanda ya karye a ƙashin baya, idan aka ciccibe shi da ka aka cusa a bayan a-kori-kura, yana iya shanyewa har ƙarshen ransa. Wanda numfashinsa ya tsaya kuwa, ƙwaƙwalwarsa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Saboda haka ake bukatar ma'aikacin agajin gaggawa, watau wanda aka horar domin ya riƙe ran majinyaci tun daga inda abin ya faru har zuwa asibiti.

Mene ne aikinsa?

Aikinsa ya wuce tuƙa motar asibiti. Shi ne mai tsayar da zubar jini, da buɗe hanyar numfashi, da ba da iskar oksijin, da ɗaure karaya da tallafe wuya kafin a ɗaga mutum. Idan zuciya ta tsaya, yakan danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti guda. Yakan kuma kula da mai naƙuda wadda jini ya ɓalle mata a hanya, sa'an nan ya ba likita cikakken bayani da isarsu.

Me ya sa bukata ta ƙaru?

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda yake cikin halin gaggawa. Ta kuma kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗinsa domin jinyar gaggawa. A 2017 aka yi dokar da ta wajabta jinyar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da tsarin agajin gaggawa da motocin asibiti na ƙasa, wanda aka fi sani da NEMSAS, aka fara da Abuja. Duk motar da aka saka a hanya tana bukatar ma'aikata dare da rana; in babu su, ba ta da bambanci da motar haya.

Ina ake samun aiki?

Akwai asibitocin koyarwa da na jihohi. Akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, mai lambar kira 122, da Hukumar Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999. Jihar Legas tana da nata tsarin motocin asibiti tun 2001. Har ila yau kamfanonin man fetur da asibitoci masu zaman kansu suna ɗaukar irin waɗannan ma'aikata. Sai dai a sani, guraben sun fi yawa a manyan birane, kuma takardar shaida kaɗai ba ta ba mutum aiki. Sai ya nuna ƙwarewa.

Yaya ake shiga?

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya fara wannan horo a 2008. Karatun ƙaramar difloma shekara 2 ne. Ana bukatar sakamako mai kyau a darussa 5 na jarrabawar gama sakandare: Turanci, lissafi, ilmin halittu, kimiyyar sinadarai da fizik. Kafin iyaye su biya ko kwabo, wajibi ne su tabbatar Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa da ke Kaduna ta amince da makarantar, don kada yaro ya ɓata shekarunsa a banza.

Aikin yana son ƙarfin jiki, da ƙarfin zuciya wajen ganin jini, da juriyar kwana bakin aiki, da riƙon sirrin majinyaci. Ana bukatar mata ƙwarai, domin mace mai naƙuda takan fi sakin jiki da 'yar'uwarta. Wanda yake jin Hausa da wani harshen ƙasa ban da Turanci yana da fifiko, gama majinyaci da harshensa yake faɗin inda ke masa ciwo.

Ana kira ga iyaye da malaman makaranta su nuna wa samari da 'yan mata wannan hanya. Jama'a kuma su riƙe lambar gaggawa ta ƙasa, 112, su kuma ba motar asibiti hanya duk inda suka ji jiniyarta.